Yatsu Biyu

Ranar da ya yanke shawarar sallamarta, ko shayin da ke gabansa ya kasa shanyewa. Wata huɗu 'yar maƙwabtansa mai shekara bakwai tana zuwa gidansa a unguwar Umbadda koyon ud, molon da ya ci abinci da shi kafin yaƙi, amma har yau kiɗanta ɗingishi yake yi. Shi kuwa ya gaji. Tun da ɓarɓashin bom ya tafi da yatsu biyu na hannunsa na hagu ya daina kallon hannun kowa. In ana kiɗa, rufe ido yake yi ya saurara.

"Halas, ya bitti," ya ce. "Ya isa haka, 'yata. Ki gaya wa babarki ba ki da hannun kiɗa."

"Ustaz, wallahi yadda kake yi nake yi."

"Ni? Kunnena tsufa ya yi, bai mutu ba."

"Sau ɗaya kawai. Amma ka duba."

Ya yi tsaki. Ta rungumi ud ɗin da ya kusa fin ta girma, ta fara. Wannan karon ya bar idonsa a buɗe.

Yatsu biyu ne kaɗai ke bin tsirkiya. Sauran biyun ta naɗe su cikin tafin hannu, ta matse har suna rawa.

"Su suka fi ba ni wahala," ta ce. "Ba sa son ɓuya."

Ya miƙa guntun hannunsa, ya buɗe mata yatsun da ta naɗe ɗaya bayan ɗaya.