Tsakanin Katsina da Kano

"Yaya Maitama, bar Katsina ka nufi Kano," na ce wa yayana a waya, shi da ya je filin jirgi da mota ɗauko mijina. "Hadari ya karkatar da jirgin Abban Mahadi can."

"Raudatu, tafiyar da nisa fa. Mu ɗan jira."

"Mahadi ba zai jira ba!"

Ɗana na kwance a asibiti a Malumfashi, jininsa ya ƙone, na ubansa kaɗai ya dace. Yaya ya kama hanya.

Gab da magariba mijina ya kira. "Hadari ya wuce, an dawo da mu Katsina cikin rabin awa. Ina Yaya? 'Yan tasha sun ce ba mai bin hanyarmu sai gobe."

Sai saƙon Yaya ya shigo: "Na iso Kano."