Motar Da Ba Ta Ƙugi

Su biyu suka ɗora Inna a kujerar baya, a ƙofar asibiti a Birnin Kebbi. Likita bai yi dogon bayani ba, ya ce su je gida su ci gaba da addu'a. Ita kuwa Inna kwana uku ke nan magana ɗaya take maimaitawa: a kai ta ɗakinta a Argungu.

Laure, babbar 'yarta, ta shiga ta zauna kusa da ita, ta jingina kan tsohuwar a kafaɗarta. Autansu Muhyiddeen ya kama sitiyari. Motar ta kamfanin hayar da yake wa aiki ce, irin ta lantarki da ake yi wa caji kamar waya. Ba ta ƙugi, ba ta hayaƙi. Yana takawa sai kawai gari ya fara wucewa.

Shirun ya yi yawa. Ba abin da ake ji sai numfashin Inna, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙyar, kamar ana jan zarto a ɗanyen icce. Muhyiddeen idonsa na titi, kunnensa na baya. Laure ba ta son wannan halin nasa. Ɗingishin da yake yi har yau ya samo shi ne ranar rasuwar mahaifinsu, da aka tsinto shi da babur ɗinsa a rami a hanyar Gulma, wayar da aka gaya masa rasuwar a hannu.

Sun wuce Zauro kaɗan, shinkafa kore shar iya ganin ido, sai Laure ta fara kakarin amai.

Bai yi mamaki ba, ya san motarsa. Na gaba ƙalau yake zuwa, na baya ke shan wuya. Ba ƙarar inji da za ta gaya wa ciki za a fizga, kuma da ya ɗaga ƙafa daga totur motar take riƙe kanta, sai hanjin mutum ya taho wuya. Har wani masunci da ya tsufa a kwalekwale ya taɓa ɓata masa kujera. Ya miƙa mata leda ta kan kafaɗa.

"Yaya, in tsaya ki sha iska?"

"Tahi dai."

"Ke da kic ce motata hitilar caji ta. To ga shi yau ta rama."

Ba ta yi dariya ba. Ta ja gefen mayafinta ta yi wa Inna inuwa, sannan ta ce ya kunna musu karatu. Ya kunna. Ta ce ya ƙara murya. Ya ƙara, har ƙira'ar ta cika motar.

Bayan Ambursa suka cim ma wata tirela ɗauke da buhunan shinkafa, ta karkace gefe ɗaya tana rangaji. Ya fita zai wuce ta. A daidai tsakiyar tirelar ya ɗaga ido ya dubi madubi.

"Inna, sannu. Mun kusa."

Fuskar Laure ce ta cika madubin, jiƙe sharkaf, idanu jajur. Ta sake wani kakari mai ƙarfi cikin ledar.

"Dubi gabanka, Muhyiddeen."

Wata bas ta taho tana wuta. Ya koma hannunsa da ƙyar, iskarta ta girgiza su. Laure ta ƙanƙame Inna da hannu biyu, leɓunanta na motsi.

Daga nan ya rage gudu, ya riƙa lallaɓa ƙafarsa don kada motar ta riƙa fizgarta. Hakan bai hana komai ba. Duk lokacin da ya buɗe baki zai yi wa Inna magana, sai amai ya taso wa yayarsa.

Da suka kusa Alwasa ya ga abin ya ishe shi. Ya kunna sigina, ya fara gangarawa gefen titi inda masu kankana suke.

"Minti biyu, Yaya. Ki wanke huska, in gyara ma Inna kwanciya."

Ta damƙi bayan kujerarsa.

"In kat tsaya, ban yahe maka ba."

Tunda yake bai taɓa jin irin wannan daga bakinta ba, ita da ko ɗan wani ba ta iya yi wa tsawa. Ya hau titi, ransa a ɓace. Bai ƙara kallon madubi ba, har suka shiga Argungu ana kiran azahar.

Ya tsaya a ƙofar gida, ya kashe mota, ya fito yana ɗingishi ya zagayo wajen ƙofar Inna. Laure ta riga shi sa hannu ta riƙe ƙofar daga ciki, ta sauke gilas.

"Zauna ƙasa tukuna, Auta."

"Wai mi nai miki yau?"

"Zauna."

Sai da ta ga ya zauna a kan dakali, ƙafafunsa biyu a ƙasa, sannan ta share fuskarta da bayan hannu.

"Cikina lahiya lau shike. Inna ta cika tun Zauro, ni na ruhe mata ido."