Takalmi a Bakin Taga

Perlita ta ɗaure akwatin, ta kwance, ta sake ɗaurewa. Jirgin Hong Kong zai tashi da an gama Kirsimeti, kuma matar da ta ɗauke ta rainon yara ba ta ga dalilin jira har bikin Sarakuna Uku ya wuce ba. Mai neman wadda za ta kula da 'ya'yanta ba ta cika tambayar wa zai kula da na mai rainon ba.

Abin da ya tsaya wa Perlita a rai takalmi ne. A gidansu, jajiberen bikin, farkon Janairu, akan goge takalma a jera su a bakin taga, a ajiye ciyawa da ruwa saboda raƙuman Sarakunan. Da safe sai a ga ciyawa ta ragu, takalmi ya cika da kyautar Sarakunan. Ba wanda ya taɓa ganin raƙumi a yankinsu na Bulacan, amma hakan bai hana su cin ciyawa ba.

Mijinta Celso, direban babur mai ƙafa uku, shi ya ɗauki abin da zafi. Har kashin akuya yake watsawa a ƙofar gida don shaida. Silifar Perlita ma ba ta tsira ba. Kowace shekara sai ya jera ta kusa da takalmin 'yarsu Isay, da safe a tarar da alewar madara a ciki, shi kuma ya riƙe baki ya fi kowa mamaki.

Ciwon ƙoda ya tafi da shi Isay na da shekara bakwai. Perlita ta ci gaba da cika takalmin yarinyar, duk da ba ta iya wasan kamarsa ba. Shekarar farko ma mantawa ta yi ta rage ciyawar, amma akuyar maƙwabta, ko iska, ta rufa mata asiri.

Isay kuwa ba ta fasa jera silifar uwarta a taga ba, kuma alewar ba ta fasa zuwa ba. Perlita ba ta wahalar da kanta wajen neman mai sakawa ba. Manya biyu ne a gidan, ita da surukarta Lola Pacing, wadda ba ta taɓa yaba mata ko dafa shinkafa ba. Ba su taɓa tada zancen ba. Perlita ta riƙe shi a matsayin alheri ɗaya tilo da tsohuwar ta taɓa yi mata, kuma albarkacinsa ta haɗiye maganganu masu yawa.

Shi ya sa ta tunkari tsohuwar kai tsaye, ta kira ta Inay, wato Inna.

"Inay, bana ke za ki saka wa Isay. Zan bar kayan a cikin tsohuwar tukunya."

"Ni? Da wannan gwiwar?" in ji Lola Pacing. "Yarinya ta kai goma, ina kamarta dashen shinkafa nake, ruwa har cinya. Zaunar da ita ki gaya mata gaskiya. Ni tunda nake ban taɓa cusa abin ci a takalmin mutum ba."

Perlita ta yi murmushi. Tsohuwar ta gwammace a kama ta da sata da a kama ta da kirki. Amma fa in ta ce a'a, to a'ar ce.

Saura hanya biyu. Ko Isay ta ji daga bakin uwarta, ko ta tashi ranar bikin ta tarar da takalmi fayau, ta ƙirga da kanta: uba ya tafi, uwa ta tafi, Sarakuna ma sun bi su.

Abin bai da sauƙi, don Isay ba ta da sauran wauta sai wannan. Yarinya ce da ta taɓa tsare limamin coci da tambaya har ya tuna yana da wani uzuri. Da Disamba ta kama takan daina hawa babur daga makaranta, ta dawo a ƙafa cikin rana, ta ce tafiyar take so. Amma a kan Sarakuna ba ta taɓa yin tambaya ko ɗaya ba. Abin da ya rage mata na ubanta ke nan, kuma shi Perlita za ta karɓe kafin ta hau jirgi.

Ta sami Isay da la'asar a bayan gida, tana liƙa takarda a jikin fitilar Kirsimeti mai siffar tauraro da iska ta yaga. Duk jawabin da ta shirya ya gudu.

"'Yata, ajiye wannan. Sarakunan nan... ba sa zuwa. Ba su taɓa zuwa ba. Iyaye ne suke sakawa. Da Tatay ɗinki ne, bayan shi kuma ni."

Isay ba ta yi kuka nan take ba. Ta ajiye takardar a hankali, ta goge yatsunta a siket, ta dubi uwarta irin kallon da ake yi wa wanda ya faɗi a gaban jama'a.

"Wa ya gaya miki, Nanay?"

Perlita ta ɗauka ba ta ji daidai ba.

"Lola ce, ko? Ai na san ita ce." Sai a lokacin muryar yarinyar ta karye. "Kuma na yi wa Tatay alkawari. A asibiti ya koya min komai, har da ciyawar. Ya ce ni na girma, amma ke har yanzu kin yarda da su, in riƙa saka miki a silifa, kada in bari kowa ya gaya miki."