Bokiti Biyu a Bakin Ƙofa

"Don Allah ki faɗa mata ruwan nan ba ya isata," in ji ɗalibar likitancin, tana nuna bokiti biyun da ke bakin ƙofarta.

Tun da makaranta ta turo ta ƙasar nan koyon aiki a asibiti, famfon gidan hayarta bai taɓa ɗiga ba. Kullum da safe sai ta tarar da bokitan a cike. Ta yi wanka da ɗaya, ta wanke fararen rigunanta da ɗayan. Yau dai ta gaji da maneji, ta janyo wata nas ta yi mata tafinta.

Tsohuwa mai gidan ta saurara, ta amsa tana murmushi. Jikokinta na raɓe a bayanta, ƙafafu furu-furu don rashin wanka.

Nas ɗin ta juyo wajen ɗalibar.

"Me ta ce?"

"Ta ce ki yi haƙuri, gobe za su ƙaro." Ta rage murya. "Amma 'yar'uwa, ruwan nan fa na gidan ne gaba ɗaya. Ƙofarki ce kaɗai ke da inuwa, shi ya sa suke ajiyewa a nan."

Ɗalibar ta kasa ɗaga ido ta kalli yaran.