Asayin Ranar Baftisma

"Su wa da wa suka sha?" nas ta tambaya.

Tsohuwar ta dubi gadajen asibitin. Mijinta na kwance, fuska ta kumbura har idanu sun shige, kwana tara zazzaɓi bai sake shi ba. Ɗanta ƙafafu sun yi suntum, numfashi sama-sama. Shekara talatin tana matse 'ya'yan asayi, wani irin dabinon daji, tana dama su kamar kunu a bakin kogin nan, ko ciwon ciki ba wanda ya taɓa yi.

"Ƙwaro ɗaya ya isa, Inna," in ji nas. "Ya faɗa kwando a niƙe da shi, cutar Shagas ta samu hanya. Kin tsoma 'ya'yan a ruwan zafi?"

"Ruwan zafi kashe ɗanɗano yake, 'yar nan."

"To lissafo min su. Wanda aka tara da wuri, magani na yi masa."

Ta lissafo mutum goma sha ɗaya da suka sha asayin a bikin baftisma, sai ta tuna. Sauran ai ta daskarar da shi, ta aika wa autarta a birnin Belem, mai cikin wata bakwai.

Nan take ta kira ta a waya.

"Mama! Yanzu nake zancenki," autar ta ce tana dariya. "Tun da asayin ya iso nake ɓoyonsa a firji, yau dai kwaɗayi ya ci ƙarfina."

"Kin sha?"

"Cokalin farko na ɗebo ke nan wayarki ta shigo."



"Ajiye cokalin nan, auta. Ajiye shi ina ji."