Muciya da Bango

Na sake ɗaukar muciya na maka wa bango: dum, dum-dum! Ƙurar siminti ta zubo a kan atamfar da nake yankawa.

"Kai mai waƙa! Gidan haya ne nan, ba gidan rawa ba!"

Tun da saurayin nan ya tare a ɗakin da ke jikin nawa a Nasarawa Gwom, kunnena bai huta ba. Kalma ɗaya ba na ji ta bango, sai gurnani kamar na tsohon janareta. Na kai ƙara wajen mai gidan, ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya tattara nasa ya nasa.

Na cusa iyafis a kunne, na koma wa abin da ke sanyaya mini rai: wata waƙa da na tsinta a intanet, ta mawaƙin da ba a san fuskarsa ba. Kiɗanta ne ya tafi da ni. Har ƙawayena na tura wa, ina cewa ga mai basira, ba irin maƙwabcina ba.

Sai na ga an saki bidiyonta. Babu mota, babu 'yan rawa. Tsagaggen bango ne kawai, ƙura tana zubowa daidai da kowane bugu: dum, dum-dum. A ƙasa an rubuta, "Kiɗa: maƙwabciyata."

Na fizge iyafis, na ɗaga muciya na maka wa bango.

Ta bayan bango saurayin ya ɗaga murya ya ce, "Anti, don Allah ki ƙara ƙarfi kaɗan, ina ɗauka."