Ana Jina a Baya?

Ranar Talata Ana-Jina ya hana kowa a gidansa shan ruwan famfo, kuma ya ƙi faɗin dalili.

Aikinsa haɗa lasifika ne a babban ɗakin taron gwamnati. Kafin manya su shigo yakan kunna na'urar ɗaukar murya, ya bi makirfo ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da yatsa: "Ɗaya, biyu, ana jina a baya?" Sannan ya saurari abin da ya ɗauka, ya gyara inda sauti ke kartawa. Nan ya samo laƙabinsa. Daga mai gadi har manyan sakatarori, ba wanda bai san muryar nan ba.

Ranar Talatar, bai gama gwaji ba aka ce ma'aikata su fita, taron na sirri ne. Ba wanda ya tuna da na'urar, har shi kansa. Sai da ya dawo kwashe kaya ya ga 'yar jar fitilarta tana ci.

Ya sa abin sauraro a kunne. Ya ji ana cewa gubar wata masana'anta ta malala cikin madatsar ruwan da gari ke sha. Wata murya ta ce a sanar da jama'a. Wata mai kauri ta katse ta.

"Ba yanzu ba. Duk wanda ya buɗe baki, mun san inda za mu ajiye shi."

Ya juye maganar a wayarsa. Ya nemi wata lauya, ta ce ya kawo mata da safe. Za ta yanke duk abin da zai tona shi, ta kai sauran gaban alƙali.

Da yammar nan ƙanin matarsa ya zo. Ɗumi-Ɗumi ake ce masa, don ko akuya ce ta faɗa kwata sai ya ɗora a shafinsa na intanet da manyan baƙaƙe. Ya nufi famfo da kofi, Ana-Jina ya riƙe masa hannu.

"Mijin Yaya, rowar taka ta kai ga ruwa? Na zata a nama ta tsaya."

"Sha na gora."

"Kai da ko sisi ba ya faɗo maka, ka cika ɗaki da ruwan gora? Akwai magana."

Ya yi ta naci har Ana-Jina ya ja shi ɗaki, ya rufe taga, ya kunna masa. Dariyar ta ɗauke daga fuskar Ɗumi-Ɗumi, amma idonsa ya kama ƙyalli.

"Gobe lauya za ta karɓa," in ji Ana-Jina. "Kafin nan ko yayarka kada ta ji. Wuyana ne a ciki."

"Haba, mijin Yaya. Ni ne fa."

Ana-Jina ya shiga wanka, ya bar wayar a kan katifa. Ɗumi-Ɗumi ya tura wa kansa maganar. Bai tsaya ya yanke komai ba, tsoronsa kawai kada wani ya riga shi. Yana tafe a hanya ya ɗora ta yadda take, tun daga farko.

Farkon kuwa ƙwanƙwasar yatsa ce, sai murya: "Ɗaya, biyu, ana jina a baya?"

Da safe Ana-Jina yana ɗaure wa 'yarsa Auta igiyar takalmin makaranta, wata farar mota marar lamba ta tsaya a ƙofar gida. Mutum biyu suka shigo, suka yi gaisuwa cikin ladabi.

"Wani makirfo ne ya lalace. Ka zo ka duba mana."

"Bari in ɗauko akwatin aiki."

"Ba sai da shi ba."

Matarsa ta tare ƙofa. "Ina takardar kotu? Ina za ku kai shi?"

Babban cikinsu ya dube ta, ya dubi Auta, ya yi murmushi. "Yarinyar ta yi kama da babanta."

Ta janye hannunta daga ƙyauren. A layin, tagogi suka riƙa rufuwa.

Lauya ta zaga ofisoshi. Ta ce doka ba ta ba kowa ikon tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Ko'ina amsa guda ce: babu mai wannan suna a hannunmu. Rediyo ta sanar cewa wani ma'aikaci mai ƙullaci ne ya haɗa muryoyin ƙarya. Da yake maganar ta riga ta watsu, an yi mata yanke-yanke an sa mata kiɗa, alƙali ya ƙi karɓarta a matsayin shaida. Famfo ya ci gaba da zuba, mutane suka ci gaba da sha.

Mabiyan Ɗumi-Ɗumi sun ninka. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar yayarsa.

"Yaya, wallahi taimakon jama'a na yi niyya."

"Ka saurari farkonta kafin ka ɗora?"



Daga gidan maƙwabta wani ya sake kunna maganar. Ƙwanƙwasar yatsa ta ratso katanga, sai muryar: "Ana jina a baya?"

Auta ta saki cokalinta, ta ruga ta manna kunne a bango.

"Muna jinka, Baba. Kana ina?"

Mai karatu, fallasa ɓarna aikin alheri ne, amma a bayan kowane sirri akwai mutumin da ya fito da shi, yana da mata da 'ya'ya. Kafin ka danna turawa don neman suna, duba wuyan wa ka ɗora a kai. In kuma ka ga an ɗauki maƙwabcinka babu takardar kotu, kada ka rufe taga, domin motar ta riga ta san layinku.